Ka Ga Garinmu Da Wata

Zuwa ga Duarte, hasken safiyata, zumar da ta ɓata mini ɗanɗanon kowane zaƙi, baƙon da ya sauka Vienna don ya kwana biyu ya wuce, sai ya sauka a zuciyata ya ƙi tashi.

Gaisuwa gare ka daga ƙirjin da ke ci kamar murhu tun ranar Talata. Ina fata kana lafiya a wannan masaukin matafiya, a kan gadon sama, cikin minsharin baƙi da warin safarsu. Barci mai daɗi kam ba na yi maka fatansa, tunda ni ban samu ba.

Ka tuna ranar da muka haɗu? Na taso daga aiki a gidan kula da tsofaffi, ƙafafuna kamar ba nawa ba, dusar ƙanƙara na zuba a hankali kamar ana tankaɗe gari. Sai ga ka tsaye a bakin kogi da jakar goyo wadda ta fi ka faɗi, gemunka ya yi fari da ƙanƙara, kana tambayar inda ake hawa jirgin ruwan Bratislava. Na ce, "Bawan Allah, wane jirgi a wannan sanyi? Jira bazara. Garinmu ne, ni zan kai ka." Wasa nake yi. Kai kuwa ka sauke jakar a kan ƙanƙara ka ce, "To, na jira." Wayyo, wannan murmushi! Da na san abin da zai jawo mini, da na nuna maka tashar jirgin ƙasa na wuce gida.

Ka jira kuwa. Ka kama aikin canza zannuwan gado a masaukin, ni kuma duk tsawon hunturu ina ba ka garinmu a baki, loma bayan loma. Na ba ka farar fadar da ke kan dutse. Na ba ka dogayen benayen siminti na ƙetaren kogi inda na girma, da tagar da nake zama ina jiran Baba ya dawo daga aiki, da bishiyar ceri ta bayan makaranta wadda na faɗo daga kanta na karya hannu. Ban taɓa ba wani namiji waɗannan ba. Na ce ka ƙara haƙuri Mama ta warke daga aikin da aka yi mata a ƙugu, ranar da za ka ga garin ita ce ranar da za ta gan ka. Ta warke. Na karɓi hutun wannan Lahadin. Kwana nawa ya rage, masoyina? Wanda ya jira hunturu guda, me ya hana shi jiran mako guda?

Ranar Talata ina ba wata tsohuwa miya a baki, sai wayata ta yi ƙara. Yaya Vilo ne, daga gidan abincin da yake aiki a tsohon gari, can Bratislava. Ba ka san shi ba, amma shi ya san ka a hoto.

"Auta, wannan ɗan Portugal ɗin naki mai gemu, yana da ɗan tagwai?"

Na ce, "Yaya, ina aiki. Mene ne?"

"Ga shi nan a teburina da wata zanƙaleliya, gashinta kamar alkama ta nuna. Faranti ɗaya suke ci. In zuba masa gishiri a kofi, ko in bari sai ya zama suruki?"

Cokalin ya faɗi daga hannuna. Tsohuwar ta kalle ni ta ce, "'Yar nan, ko mutuwa aka yi?" Na ce a'a. Amma ban tabbata ba.

Da yamma ka shigo ɗakina, hancinka ya ƙone da rana, idanunka na walƙiya kamar kogi da hantsi, ka miƙo mini burodin gyaɗa na garinmu a takarda, kamar ban san ɗanɗanonsa ba tun ina tsumma. Na so ka yi mini ƙarya, Duarte. Wallahi na so, da na sami abin da zan kama ka da shi. Sai ka zauna kana murna kana cewa, "Sunniva ce, baƙuwarmu 'yar Norway. Ba ta son tafiya ita kaɗai, kuma yini ɗaya ne, mun je mun dawo. Zdenka, na gane benenku! Na nuna mata tagarki, har bishiyar ma mun samo!"

Tagata! Bishiyata! Ka kwashi ƙuruciyata ka zuba wa baƙuwa a tafin hannu don ta sami abin ɗauka a hoto. Ta tsinki ceri ta ci? Kai ka tanƙwaro mata reshen? Da jirgin ya karya kwana, fadar ta bayyana fara fat a saman dutse, wa ka juya ka kalla? Wata nawa ina tanadin wannan juyowar, ina hasashen yadda bakinka zai buɗe, yadda hannunka zai lalubi nawa! Za ta tafi da ita Norway, ita da ba ta ma san darajarta ba. Ina kishin iskar kogin da ta kaɗa gashinku tare. Ina kishin matakalar fadar da ta sa ta haki har ta dafa kafaɗarka, don na san ta dafa, kowa yana dafawa a wurin nan. Ina kishin Yaya Vilo, da ya riga ni ganin yadda fuskarka ta yi da ka ɗanɗana cukun tumakinmu. Daga baya ya ce in kwantar da hankalina, wai ka ambaci sunana har kunnensa ya gaji. Ina amfanin sunana a bakinka, idan kunnenta ne ke shan muryar?

Ka ce, "Gari ne fa, Zdenka, ba ya ƙarewa don an kalle shi." Na ce ka ɗauki jakarka. Kana bakin ƙofa ka ƙara da cewa ta gayyace ka Budapest ranar Asabar, ba ka ba ta amsa ba tukuna. Ai gara da ka soka mini wuƙa ka huta.

Yau Asabar. Na je tashar jirgin ƙasa da safe, ba zan ɓoye maka ba. Na laɓe bayan rumfar mai sayar da jarida kamar ɓarauniya, ni da nake wanke tsofaffi ina yi musu faɗa kan rashin kamun kai. Na gan ku. Jaka ɗaya na gani a bayanka, na ɗauka taka ce, sai da ka juya na gane ja ce, tata ce, ba taka ba. Ka ɗora mata ita a jirgi. Ta rungume ka, rungumar ta yi tsawo, wannan ma na ajiye shi, za mu yi maganarsa. Ƙofa ta rufe, jirgi ya ja, kai kana tsaye a ƙasa, hannuwanka cikin aljihu. Ba ka bi jirgin da kallo ba. Wayarka ka ciro ka duba, ka mayar, ka sake cirowa. Mai jaridar ya dube ni, ya turo mini kujerarsa, na zauna.

Ya ruwan saman farkon bazara, ya inuwar da nake gudu zuwa gare ta ko da ita ce ta ƙona ni! Ban huce ba, kada ka yaudari kanka. Amma na kira Mama. Ta ce, "Kawo shi in gan shi da idona. In bai yi mini ba, ni zan kore shi, ba ke ba." Tun ɗazu take fere dankali.

Gobe ka same ni a tasha, jirgin ƙasa na farko bayan an waye. Jirgin ruwa na bar wa Sunniva, ba zan taka shi ba har abada. Ka aske gefen gemun nan, ka sa rigar da ba ta taɓa kwana cikin jaka ba. Yaya Vilo zai matse maka hannu har ka ji ƙashi na ƙara, ka daure, kai ka jawo wa kanka. Abu ɗaya nake roƙo, da hawaye nake roƙonsa: in ka ga na tsaya na nuna maka wata taga a can sama, ka ɗaga kai, ka yi shiru, ka bar ni in ba ka labarinta tun daga farko, kada ka ce mini ka sani.

Ni ce taka, da fushina da komai, yau da gobe da ranar da gemun nan zai yi fari ba don ƙanƙara ba. Ba ni da wani, ba na neman wani, kuma ba zan raba ka da kowa ba.

Zdenka