Aibin Hadiyya

Litinin, 2 ga Disamba 2024

Yau an yi wa jikata Hadiyya ƙiyasi a gabana, ni da na shekara hamsin ina dillancin raguna a kasuwar Turaku. Mushe Abdulaye, malamin Inglishinsu a lise, wato babbar sakandare, ya zo gida bayan la'asar da ordinatar, kwamfutar nan tasa, a hammata. Wai akwai wata ƙaramar jami'a a wani ƙauyen Amurka, ɗalibanta ba su kai dubu biyu ba, ana karanta komai a haɗe, tarihi da lissafi da ilimin dabbobi, kafin yaro ya zaɓi nasa. Cikin masu nema ɗari, tara suke ɗauka. Baƙi masu neman bursu, wato a biya musu karatun, kuwa, uku. Ya ce sakamakon bak ɗinta, jarrabawar gama lise, ya yi kyau, Inglishinta tsaka-tsaki, saboda haka ya ba ta shida cikin ɗari.

Shida. Ko tunkiya mai tari ban taɓa yi wa wannan tayin ba. Kuma uwarta Salima na zaune tana gyaɗa kai kamar liman ne ke magana.

Sannan ya fito da abin da ya kawo shi. Makarantar na karɓar wasiƙa daga wanda ya reni yaro. Ba dole ba ce, amma tana iya ɗaga ta. Tun rasuwar ubanta ni ne uban. A tura ta kafin ɗaya ga Janairu. "Ka yabe ta kawai, Baba," in ji shi. Kawai.

Alhamis, 5 ga Disamba

Ba zan yabe ta ba. A gidan wa ake yabon ɗa?

Juma'a, 6 ga Disamba

Bayan masallaci na gaya wa Buba, abokin dillancina. Ya ce in cika musu kunne, ai Nasara ba ya da kambun baka. Na ce wasiƙar kafin ta kai Amurka ta hannun mutum nawa za ta bi a nan unguwar Bukoki? Buba bai taɓa sayar da rago ba tare da ƙarya ba, shi ya sa suka naɗa shi shugaban dillalai suka bar ni. Ban manta ba.

Litinin, 9 ga Disamba

Na yi wasiƙar. Na faɗa, mushe ya rubuta. Yadda nake yi wa kowane mai saye na yi musu: ka faɗi aibi tun kafin a taya, kada gobe a dawo maka da kaya. Na ce tana da taurin kai. Tana musu da manya. Ba ta iya dama fura ba. Idonta na hagu ba ya gani da nisa. In ta kama littafi, ko gidan na ci da wuta sai ta kai ƙarshen shafi. Na ce in sun ga za su iya da ita a haka, na sallama.

Ya ajiye biro. Wai wannan wasiƙar in ta tafi, shidan ma ta koma ɗaya. Wai can ana son a ji abin da ya raba yaro da sauran yara. Na ce ai shi na faɗa. Ya yi irin murmushin da 'yan lakwal, masu karatun boko, ke yi wa irina. Na san shi, murmushin ƙanena Sumana ne tun ranar da aka kai shi lakwal aka miƙa mini igiyar akuya. Shekara sittin ke nan, har yau in ya zo gaisuwa sai ya karanta mini takardar magani da ƙarfi, kamar kurma ne ni. Ni da ajamina da nake rubuta wannan.

Hadiyya na bakin ƙofa, ta ji duka.

Alhamis, 12 ga Disamba

Kwana uku ba ta ce mini "tsohon miji" ba. Ta ajiye kwano, ta ce ina kwana Kaka, ta fita. Gaisuwar baƙo. To, ta ci gaba da yi.

Lahadi, 15 ga Disamba

Salima ta durƙusa, ta yi ƙasa da murya, ta soke ni. Wai ba kambun baka nake tsoro ba, tafiyar yarinyar nake tsoro, shi ya sa na ɓata ta da gangan. Surukar zamani. Da a ce uwargidana na raye da ba ta kai ƙarshen maganar ba.

Ita ba ta kasuwa ranar da marigayi mijinta ya samu difilom. Ni na hau kan benci na ce ɗana ya fi na kowa a Turaku. Da bakina. Wata bakwai bayan nan, haɗarin mota ya ɗauke shi a hanyar Doso. Ban taɓa gaya mata ba, ba kuma zan gaya mata ba. Su je su yi ta cewa tsoho jahili ne.

Laraba, 18 ga Disamba

Ranar hutu, kasuwa ba kowa. Ƙafata na ciwo.

Asabar, 21 ga Disamba

Mushe ya aiko wai za a tura dosiyen takardun Hadiyya ba wasiƙata, ba komai, da yawa ma ba su sakawa. To madalla. Wato ɗiyar da na goya a kafaɗa zuwa allurar rigakafi za ta je gaban baƙi ba mai tsaya mata, kamar ragon da aka tsinta a hanya. Wa ya ba shi izinin cire ni?

Na tambayi Hadiyya ko ita ta ce a cire. Sai ta ce, "Kaka, ba na son ka yi ƙarya. Na ɗauka dai akwai wani abu da ka gani a wurina ban da fura."

Rashin kunya ce. Na kasa cin tuwon.

Juma'a, 27 ga Disamba

Saura kwana biyar. Ba ruwana.

Wani ya kawo balami yau, ƙato, fari sol. Na faɗa wa mai saye yana tunkuyi. Ya ce me ya sa yake tunkuyi? Na ce don ba ya yarda wani rago ya kusanci garkensa. Ya ƙara tayi nan take. Buba ya yi ta dariya. Wawa.

Litinin, 30 ga Disamba

Na je gidan mushe a Kalley da hantsi. Ba don komai ba, don in gaya masa bai iya aikinsa ba. Dillalin kirki in an ce masa aibi, sai ya tambayi asalinsa. Shi bai tambaya ba. Na ce ɗauko biro, ba zan cire kalma ɗaya ba, bayani zan ƙara.

Na gaya masa musun da Hadiyya ta yi da ni tana shekara sha biyu, daminar da zawo ya kashe mini raguna huɗu. Na ce sammu ne, har na san wanda ya yi. Ita ta ce ruwan kwatarniyar bayan rumfa ne. Na kore ta. Ta koma ta yi wata guda kullum bayan lakwal tana rubuta wane rago ya sha a ina, wane ya kwanta. Ta ɗauki kayenta, littafin da take rubutun, da ƙafa har ofishin likitan dabbobi, ba wanda ya aike ta, ta jawo mutumin har kasuwa. A gaban dillalai aka zubar da ruwan. Na yi sati ba na kula ta. Ita kuwa kullum sai ta zo ta wanke kwatarniyar.

Mushe ya daina rubutu ya ce, "To Baba, wa ke da gaskiya?"

Na ce ba shi aka aiko ya tambaye ni ba. Ya ɗora biro a kan takarda yana kallona. Na ce rubuta, ita ce. Kuma ya sa masha Allah a farko da ƙarshe, kada ya kuskura ya juya shi zuwa Inglishi.

Wannan ba yabo ba ne. Abin da ya faru ne.

An tura da azahar. Na tambaye shi yanzu nawa. Ya ce Allah ne masani, amma wataƙila goma. Goma. Mutumin nan ko kaza kada a ba shi ya yi wa kuɗi.

Ni na buɗa bakin abin nan na duba, yadda nake yi wa rago kafin in sa kuɗi, tun tana rarrafe. Sittin cikin ɗari na ba ta. Ban gaya wa kowa ba.