Ƙa'idar Baba a Gonar Barkiya

Laraba, bayan isha'i.

Yau manhajar da nake haɗawa don gano ciwon gero ta kunyata ni a Barkiya. Na koya mata abin da marigayi Baba ya koya mini, cewa ganye in ya yi rawaya, rashin taki ne. Sai ga gonar Baffa Sule ta sha taki, amma duk ta yi rawaya. Ya tuge wuta-wuta, ciyawar nan mai tsotse gero, daga gindin geron ya ce, "'Yata, Yaya bai yi ƙarya ba, gonarsa ce ba ta da wannan ciyawa."

Malamina ya ce in goge ƙa'idar. Na kasa. Na dai ƙara mata "sai in akwai wuta-wuta." Gobe zan gaya masa dalilina, ko da zai yi faɗa.