Jirgin Chidozie da Iskar Kawu

Asabar, 2 ga Agusta, 2003
Yau da safe na ga an fito da jirgin ruwa daga cikin buhu. Ina bakin dam ina neman hujin wani tub na taya, sai ga Chidozie mai kayan babur na Daura a akori-kura. Ya sauke ƙullin baƙar roba da wani inji mai doguwar ƙafa, ya shimfiɗa robar a kan yashi, ya hau taka famfo. Tun ina dariya har na daina. Abu ya kumbura, ya yi hanci, ya zama jirgi.

Daga garinsu ya taho da shi. So yake ya riƙa tsallako da mutanen ƙetare ranar kasuwar Mai'adua, tunda ruwa ya cinye musu hanya. Ya ce in suka karɓa kafin damina ta fita, ni ne direba. In suka ƙi, ya sayar. Ban taɓa son abu haka ba. Faci ya ishe ni, sai dai ban faɗa wa Kawu Ɗantsoho ba, shi da ya riƙe ni, ya koya mini sana'ar.

Talata, 5 ga Agusta
Koyo. Sai ruwa ya kai gwiwa ake sauke ƙafar inji, kada farfela ta ci yashi. A murza kusoshin, a ƙara da igiya. Fetur da ɗan baƙin mai. Abin da ya fi ba ni wuya: ka tura hannun injin hagu, jirgi ya yi dama. Na yi ta afkawa cikin ciyawa. Chidozie yana cewa, "Ya'u, jaki ma ya fi ka sanin hanya." Na ce Oga, ai jaki a ƙasa ya koya.

Maganar iska ya fi nanatawa. Da safe a bar shi da ɗan laushi, babban yatsa ya nitse. "Rana za ta cika sauran."

Juma'a, 8 ga Agusta
Liman ya ce maza sahu guda, mata sahu guda. Chidozie ya ce ko awaki ma a ba su nasu sahun, shi dai a hau. Jibi za a fara, ranar kasuwa. Shi kuwa yana coci, sai bayan azahar zai iso.

Lahadi, 10 ga Agusta
Ya fashe.

Litinin, 11 ga Agusta
Jiya hannuna bai iya biro ba.

Na gama bugawa da famfon ƙafa, daidai yadda aka nuna mini. Sai Kawu ya zo da injin iskarmu a kura. Ya ɗalli jirgin da yatsa yadda yake wa tayar babur, ya taɓe baki. "Wannan langaɓaɓɓen za ka ɗora bayin Allah a kai? A ce ɗan gidana ne ya buga?" Mutane sun riga sun taru. Na ce Kawu, ai... ya ce ai me? Na matsa gefe. Ya ɗura har sai da ya ɗalla ya ji ƙarar da yake so. Aka yi ta sa masa albarka.

Sai jiran mai unguwa don addu'a. Jirgi a kan yashi, rana tana dukansa har ta take tsaka. Na taɓa shi, kamar dutse, ga zafi. Na ce a raina da zarar Kawu ya juya zan rage. Bai juya ba.

Na tsallaka ni kaɗai lafiya. Mata suka fara hawa, da Inna Barakatu mai daddawa a gaba. Inji ya tashi a ja na farko. Muna dab da isowa ɗinkin gefen dama ya buɗe, fuuu, gefen ya kwanta. Allah ya sa ruwan iya ƙugu ne. Ba wanda ya ji ciwo, amma daddawa ta tafi, kuma mata suka fito a jiƙe, zane ya manne musu, a gaban maza cike da bakin ruwa. Wannan shi ne ba za a yafe ba.

Da Chidozie ya iso bai yi faɗa ba. Ya danna gefen da ya rage, ya dube ni. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Alhamis, 14 ga Agusta
Kawu ya yi masa facin taya. Bai kama ba. Ya ce robar ce ba ta da kyau.

Lahadi, 31 ga Agusta
Gam ɗinsa na gaskiya ya zo daga kudu, Chidozie ya gyara da kansa. Na wuni a ƙetare, inji a kashe. Mutane suna wucewa da kaya a ka, suna bin doguwar hanya. Inna Barakatu ta ce, "Ɗan nan, ba kai na ƙi ba, amma ko kyauta ne ƙafata ta fi." Maza sun hana matansu, su ma kuma ba su hau ba.

Asabar, 20 ga Satumba
Wani daga Kano ya saya. Chidozie ya ce mu zagaya da shi na ƙarshe kafin a naɗe. Ina bugawa Kawu ya sake tahowa da kurarsa, har ya kama bakin tiyo. Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba. Na ce Kawu, ya isa haka. Ya dube ni, ya ce, "To, direba." Ya koma gindin marke ya zauna. Ba wani abu ba ne, magana ce guda. Da na yi ta a watan jiya.

Na kai ƙetare na dawo cikin tsakar rana, ko motsi ɗinkin bai yi ba. Jirgi fanko. Waɗanda suka gani: Chidozie, da Kawu, da Maliki masunci, da wata Adama mai tallan nono da ta tsaya ta sauke ƙwarya har na iso gaɓa.