Kukan Modem a Gidan Makoki

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Asma'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda 'ya ke yi wa uwa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Mu nan Lugbe muna lafiya, jikokinki suna makaranta, ruwan bana kuma ya sake cinye mana hanya kamar yadda kika bari.

Umma, na san ba za ki karanta wannan ba. Na kuma san waɗanda za su karanta: dangin nan namu masu leƙa shafina kullum ba sa cewa uffan, sai an haɗu a biki ki ji maganarki a bakinsu. To su gyara zama, yau har da su nake.

Ranar addu'ar bakwai ɗinki ina raba ruwa a tsakar gida, na ji Gwaggo Lami, ƙanwar Baba, tana nuna ni ga wasu mata. Wai ni ce yarinyar da ta kunna wa gidan makoki kiɗan inji lokacin rasuwar ubanta, har ta toshe layin da ake kira a yi gaisuwa. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan tana yawo da wannan labarin. Ban tanka mata ba saboda gawarki ba ta daɗe da fita ba. Amma ban yi nadama ba a wancan lokacin, yanzu ma ban yi ba, kuma ba zan ba kowa haƙuri a kai ba.

Kin tuna yadda aka yi mana. Baba yana asibiti, muna gidan gwamnati na Area 2 a Garki. Da safe kika dama kunun gyaɗa, kika zuba a filas, kika ce in goge masa farar jallabiyarsa don an ce yana samun sauƙi, ƙila a sallame shi. Ashe tun asuba ya cika. Manya suka haɗa baki kan cewa kina da hawan jini, a bi ki a hankali. Duk wanda ya shigo sai ya ce jiki alhamdulillahi. Sai da muka ga ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida sannan muka gane. Filas ɗin nan ya kwana a kan tebur babu wanda ya iya taɓa shi.

Ba na cewa mugunta ce. Haka ake yi, haka suka taso suka gani. Amma daga ranar kika daina yarda da kalmar "lafiya" daga bakin kowa, har da nawa.

Yaya Kabiru kuma yana Indiya yana karatu. Bai samu zuwa ba. Tarhon gidanmu na ofis ne, an rufe shi daga kiran ƙasar waje, shi kuma in ya kira daga can sai dai a ji shuu kamar ana tankaɗe, layi ya yanke. Wayar hannu a lokacin sai manyan oga-oga. Ga shi ɗan fari ne, ba ki taɓa kama sunansa ba, balle ki zauna gaban surukai kina cigiyarsa. Sai kika bar cin abinci. A kawo tuwo ki ce kin ƙoshi, a kawo shayi ya huce a gabanki. Kowa ya ɗauka mutuwar Baba ce kawai.

Na je kafen intanet a Area 1 na buga miki saƙon da ya aiko ta imel, na karanta miki. Kika karɓi takardar, kika juya ta, kika miƙo min. Kika ce takarda ai kowa yana iya bugawa. Sannan kika faɗi maganar da har yau ban manta ba: "In a can aka binne shi, ku faɗa min in haɗa su a addu'a."

Kina takaba, ba za ki fita zuwa kafe ba. To tunda ba za ki je wurin intanet ba, na ce intanet ɗin zai zo ɗakinki ko ana so ko ba a so, ki tambayi Yaya abin da kika ga dama ya ba ki amsa nan take.

Kwamfutarsa tana nan a lungun falo, kin lulluɓe ta da tsohon zaninki. Kafin ya tafi ya cire Windows, manhajar da kowa ke amfani da ita, ya sa wata mai suna Linux, wadda yake ta yi mana wa'azi a kanta cewa ta kowa ce, babu mai ita, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Ni a lokacin abin da na iya bai wuce buga wasiƙa da wasan kati ba. Na jona igiyar tarho a bayanta, na danna duk abin da ake dannawa, ko motsi.

Aka kira wani mai gyara. Ya kunna, ya ga baƙin allo da farin rubutu, ya yi dariya. Da 'yar Hausarsa ta Abuja ya ce wannan kwamfuta ba ya da amfani, sai fomat. Wato a share komai a sa Windows, kafin la'asar an gama. Gaskiya ya faɗa, da an gama ɗin. Amma na ga yadda kika kalle shi daga bakin ƙofa da kika ji kalmar sharewa. A wurinmu kayan mamaci ake kwashewa a share wuri. Da na bari ya goge rubuce-rubucen Yaya da hotunansa, da kin ce shi ke nan, an fara rabon kayansa. Na ce wa mutumin ya rufe jakarsa, mun gode. Gwaggo ta ce taurin kai zai kashe ni, yarinya ƙarama tana musu da mai sana'a.

Daga nan na shiga jeka-ka-dawo tsakanin gida da kafe. In rubuta wa Yaya abin da allo ya nuna, in jira, in kwafo amsarsa a bayan takarda, in dawo in gwada. Shi ya fahimtar da ni cewa modem ɗin da ke cikin kwamfutar, wato abin da ke haɗa ta da intanet ta layin tarho, rabin modem ne. Waɗanda suka ƙera shi sun bar sauran aikin ga Windows, ba su damu da masu Linux ba. Akwai wata 'yar manhaja da wasu bayin Allah suka rubuta don irinsa, amma tana intanet. Kin ji tsiya, Umma: sai kana da intanet za ka samu abin da zai ba ka intanet. Na sauko da ita a kan ɗan faifan nan da ake ce wa fulofi, na iso gida fulofi ya ƙi buɗewa. Na koma na sake. Wannan karon ya buɗe, manhajar ta ce ba ta dace da irin Linux ɗin da ke ciki ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata, ba na Baba ba, na haushi.

Mai kafen, wani Bayarabe da ake ce wa Oga Tunde, shi ya gaji da ganina. Da ya ji dalili sai ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur ya fito da tsohon modem na waje, mai kama da ƙaramar rediyo, da jerin fitilu a gaba. Ya ce wannan cikakke ne, ba ruwansa da wace manhaja ce a ciki. Ya ara min shi, ya rubuta min lambar da ake kira da kalmar shiga. Allah Ya saka masa, duk inda yake.

Ranar da na jona shi fitila ta kama, na ɗauka an gama. Ina. Sai ya ce babu sauti a layi. In ɗaga tarho da hannuna in ji sauti raɗau, in mayar masa ya ce babu. Har na fara zargin ko shi ma ya lalace. Ina cikin haka na lura da abin da hannuna ke yi ba tare da na sani ba. Duk ɗan gidanmu ya san layin nan ba ya son gaggawa, sai ka ɗaga ka ɗan jira kafin sautin ya zo, shi ma a shaƙe. Mun saba har mun manta muna yi. Modem kuwa baƙo ne, yana ɗagawa ya ji shiru sai ya ajiye. Na tambayi Yaya ko ana iya koya wa inji haƙuri. Ya ce ana iyawa: in buɗe fayil ɗin saiti, in ce masa kada ya jira jin sauti, in jera waƙafi a gaban lambar, kowane waƙafi ɗan jinkiri ne. Ya ƙara da cewa in sauya masa salon kira ya koma irin na tarhonmu mai juyawa da yatsa, don shi layin ya fi ganewa.

A nan kukan ya fara. Duk wanda ya san modem ya san shi: ƙara, da tsuwa, da wani ƙugi kamar an shaƙe zakara. Falo cike da mata masu gaisuwa, ana jan carbi, sai wannan abu ya tashi daga lungu. Wata tsohuwa har ta zabura ta yi a'uziyya. Akwai yadda ake kashe sautin, na sani, Yaya ya faɗa min. Na ƙi. Da kunne nake gane inda ya tsaya, ko bai kira ba, ko ya kira an ƙi ɗauka, ko sun fara gaisawa da na can sai ruwan da ya shiga waya ya raba su. Kuma gaskiya ne, duk lokacin da nake gwaji masu kira daga Zariya da Kaduna suna jin layi a toshe. Gwaggo ta taɓa zare igiyar da hannunta ta ce ba ni da kunya ba ni da tausayi, ubana ko arba'in bai yi ba. Na jira ta shiga alwala na mayar.

Su suna lissafin gaisuwar da ba ta shigo ba, ni ina kallon wuyanki yana ramewa, zoben hannunki yana juyawa da kansa. Babu wanda na iya yi wa bayani, don in na faɗi dalili na tona abin da kunya ta hana ki faɗa. Na gwammace a ce min marar tarbiyya.

Ke kaɗai ba ki taɓa ce min in daina ba. Ba ki kuma ce in ci gaba ba. Amma na lura in kukan ya tashi kina tsayar da carbi.

Ran nan bayan azahar, baƙi sun ragu, kukan ya yi ya yi sai ya yanke ɗif, fitilu suka tsaya a kunne. Na ɗauka ya sake faɗuwa ne. Sai na ga lambobi sun fito a allo. Na buɗe manhajar hira, ga sunan Yaya nan, don mun yi da shi zai riƙa zama a ɗakin kwamfutar makarantarsu a daidai wannan lokacin har sai an dace. Na jawo teburin har bakin ƙofar ɗakinki, igiya ta miƙe kamar za ta tsinke.

Ya yi sallama, na karanta miki. Kika ce ta yaya za ki san ba ni ce nake rubutawa ina ba kaina amsa ba. Na ɗaga hannuwana sama don ki ga rubutu yana fitowa ba na taɓa komai. Duk da haka ba ki gamsu ba. Sai kika ce in tambayi yaron nan me kika cusa masa a ƙasan jaka ranar tafiyarsa. Ni ban sani ba, kin kuma san ban sani ba.

Amsar ta ɗan jima. Da ta zo na karanta miki yadda take: daddawa ce a cikin gwangwanin madara, kin naɗe da ɗankwalinki mai ruwan ƙasa. Daddawar an ƙwace a filin jirgi saboda wari, ya ji tsoron faɗa miki. Ɗankwalin yana ƙarƙashin matashinsa.

Kika rufe fuska da mayafi. Na daɗe ina jin numfashinki. Da kika buɗe sai kika ce, "Ja'iri, daddawar Zariya guda." Ko a ranar ba ki kama sunansa ba. Can kika juyo kika tambaye ni ko akwai sauran tuwon jiya.

Umma, ga abin da ban samu na faɗa miki ba. Bayan kin fita takaba, muna haɗa kaya za mu bar gidan Area 2, kin riƙe min hannu kin ce in ranarki ta zo kada in bari a yi wa yaron nan abin da aka yi miki. To ranar ta zo. Kina cikawa manya suka taru a barandar asibiti, aka ce Kabiru yana hanya daga Legas, yana tuƙi, shi ma yanzu yana da hawan jini, a ce masa jiki ya ɗan yi tsanani kawai ya ƙaraso. Na fita waje na kira shi. Na ce ya sauka gefen titi ya kashe mota. Da ya ce ya kashe, na ce masa Umma ta rasu yanzun nan, ina wurin, da kalmar shahada ta cika. Ya yi kuka, na tsaya a kan layi har ya gama, ya yi miki addu'a tun jikinki bai huce ba. Wannan ma an ce na yi rashin hankali. Su faɗa. Saƙonki ne, na kuma isar da shi.

Allah Ya jiƙan ki, Umma. Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya haɗa ki da Baba a Aljannar Firdausi. Ya yafe wa waɗanda suka ɓoye mana don suna ganin taimako ne, Ya yafe mana mu ma. Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Taki har kullum, mai taurin kan nan,
Sa'adatu
Lugbe, Abuja