Kalmelu, Kada Ka Biyo Ta Rafi Ran Asabar

Kalmelu, tsohona, ruwan ɗanyar kwakwata a tsakar rana, cediyar da na tsufa a inuwarta, kwalekwalen da bai taɓa kifewa da ni ba!

Ni ce Leiwia, matarka. Leisale malamar makaranta ke rubutawa, matar fasto kuma na gefe, wai mai jikoki ba ta irin wannan zaƙin baki. Na ce ta ji da nata tsohon. Ku rubuta yadda na faɗa.

Ka tuna ranar da ka kawo baƙin nan masu yawon ƙafa cin abincin rana? Ina kwashe duwatsu masu zafi daga kan laplap, abincin nan namu da ake gasawa a ƙunshin ganye, tururin doya da madarar kwakwa na dukan fuskata, na hango ka can baya kana gangarowa, riƙe da hannun wani mai ɗingishi. Zuciyata ta buga kamar ta budurwa. Wa ya iya saukowa tudu irinka, furfura na ƙyalli kamar kumfar teku?

Sai idona ya sauka kan matar nan mai jar hula a gaba, tana fifita da ganyen namele. Ganyen da Taripoa ya gicciye a mashigar rafi, don kowa ya san ƙasarsa ce kuma ya rufe hanya. Ita mafici ta gani, ta ɗauke, duk kuka ƙetare ba ka sani ba. Kowa ya tsaya cak. Kai kuwa, hasken idona, ka ƙaraso, ka zare shi daga hannunta, ka ɗaga sama, ka ce kai ka cire. Don me, Kalmelu? Ita ta hau jirgi ta koma ƙasarsu, ba wanda ya san sunanta. Naka kowa ya sani.

Tun da ka raka su birnin Vila, Taripoa bai ce uffan ba. Da zagi ya yi, da hankalina ya kwanta. Na aika masa laplap, ya mayar mini da shi da ɗaurinsa. Maza sun daina ambatonka a wajen shan kava, jiƙon saiwar nan da suke taruwa su sha. 'Ya'yansa na wasa adduna a bakin rafi, alhali ba lokacin sharar gona ba ne. Na gaishe su, babban ya ɗago yana murmushi ya ce, "Inna, yaushe Kawu zai dawo?"

Ga shi direban motar kasuwa ya ce ran Asabar za ka kawo wasu baƙin ta hanyar nan dai, wai kakanka ma ta nan ya bi. Na san taurin kan nan, shi na aura. Amma kakanka ne zai zauna da ni in ruwa ya tsuge? Shi zai ce gishirina ya yi yawa, ya kuma cinye?

Don Allah, numfashina, sallami baƙin. Hau mota ka biyo ta titi, kai kaɗai, da saiwar kava da sabuwar tabarma, mu je mu ba da haƙuri. Aladena mai haure, wanda nake ciyarwa da hannuna don kada hauren ya karye, wanda na keɓe don ranar binne ni, na ɗaure shi, na Taripoa ne. Gara a binne ni ba alade da in binne ka.

In kuma ka ƙi ji, to ji wannan. Leisale, daina kuka ki rubuta. Ran Asabar da hantsi zan dogara sandata in gangara mashigar rafin, in shimfiɗa tabarma a tsakiyar hanya in zauna. Duk abin da ke jiranka a wurin, da ni zai fara.

Taka, a wannan gaɓar da waccan,
Leiwia