Wanda Ya Hau Dutse a Kafaɗar Habu

Daren Alhamis, cikin watan Rajab.

Yau Baturen awon ƙasa da ya sauka garinmu ya ce sai ya ga ƙasarmu daga kan dutsen bayan gari. Aka kwaso majiya ƙarfi daga gona, har da Habu ɗana, suka ɗauki Baturen a kujera. Wajen saukowa Habu ya zame, ƙugunsa ya goce. Ga gero yana jiran maimai, ni kuwa fartanya ta fi ƙarfina.

Da la'asar na je ƙofar dagaci don a duba mana. Na tarar Bature yana ba da labari, dagaci yana taya shi dariya alhali ko kalma bai ji ba. Na ce wa tafintan Baturen, "Kai ɗan nan, me yake cewa?"

Ya ce, "Baba, cewa yake ya hau dutse."

"Ya hau, ko an hau da shi? Ko yarensu bai raba ba?"

"Ya raba sarai, Baba. Kalmar wanda ya hau da ƙafarsa daban, ta kayan da aka ɗaga daban, ta hayaƙin da ke tashi da kansa ma daban."

"To, wacce ya ɗauka?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta mai ƙafa."

Innalillahi! Ni na zaci rashin sani ne, ashe yana da kalmar, ajiye ta ya yi. Na juyo gida ban faɗi abin da ya kai ni ba. Me zan roƙa wa Habu wurin mutumin da a bakinsa Habu bai ma je dutsen ba?