Ni Ne Ƙararrawar Ke Nan

Zuwa ga 'yata Nahla, babbar masaniyar halin ɗan Adam ta garin Suhaj,

Assalamu alaikum. Ya uwarki, ya ƙafar kakarki? Ni lafiya lau a Kuwait. Bayan nan nawa ya ɗan ƙi miƙewa, amma mai shimfiɗa tayil me zai yi da tsayuwa?

Uwarki ta gaya min dalilin da kika daina karɓar wayata ran Juma'a. Wai a makaranta an koya muku labarin wani kare da ake kaɗa wa ƙararrawa a ba shi nama, har ya saba, da ya ji ta sai miyau. Da aka yi ta kaɗawa babu nama, sai ya daina. Wai haka "ina tafe da Sallah" ɗina ya zama a kunnenki.

Madalla! Ni da na tsaya a aji huɗu, ashe gwiwoyina sun goge ne don a koya miki kiran ubanki ƙararrawar banza. Fasfona yana aljihun maigidana, ranki ya daɗe. Akwai wannan babin a littafin naku? Kada ki wahalar da kanki, riƙe gaisuwarki.

Ki dai kai wa malaminku tambayar jahili. Akwai wani tsohon kare a nan, duk Juma'a yana kira, muryar uwarki kaɗai yake samu. Me ya sa shi har yau bai daina ba?

Allah Ya shirye ki, Ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Ubanki, in littafin ya yarda,
Abdurradi